FlightGear na tafiyar hawainiya a laftof ɗina, ku agaza

Ɗan Ambursa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Na sauke FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, makon jiya, sai da ya cinye mini rabin datar wata. Ya buɗe lafiya, ƙaramin jirgin nan Cessna 172 ta fito, inji ya tashi, amma hoton tsalle yake yi kamar ana nuna mini hotunan biki ɗaya bayan ɗaya. In na karkata hagu, sai na saki hannu sannan jirgin zai bi. Jiya sau shida ina dasa hancinsa a gonar mutane kafin in kai titin filin jirgin Sakkwato. Laftof ɗin ta hannu ce, Core i5 zubi na bakwai, ram 8, akwai ma sitikar Nvidia a jikinta. Gidanmu ba nisa da filin jirgi, tun ina yaro nake kallon tashin alhazai, burina in shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Ina so in fara sabawa da agogunan tun yanzu. Me zan yi?

Sarkin Gem: Wa'alaikumussalam. Ƙanena, kada in ɓata maka lokaci: laftof ɗin ce ba ta kai ba. Ka tara kuɗi ka sayi ta gem. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ɗan Ambursa: Yaya, kuɗin wannan ɗin ma sai da aka sayar da buhun shinkafa huɗu.

Mai Gyara Jega: Zahi ne. Ban gan ta ba amma na san zahi ne. Wanga wata na Afrilu duk laftof da anka kawo min shago ciwonta guda. Ka buɗe ka iske hwanka ta toshe da ƙura awa anka cusa auduga. Yaushe rabon da a buɗe ta?

Ɗan Ambursa: Tun da na saya ba a taɓa ba, Baba. Shekara biyu ke nan.

Mai Gyara Jega: To ka ji.

Malamin Fiziks Gusau: Ku dakata mana. Mutum biyu sun rubuta magani, ba wanda ya auna maras lafiya. Ɗan Ambursa, kafin ka sayi wani abu ko ka kwance noti ɗaya, ina son lamba. Shiga View, a cikin zaɓin nuni akwai wurin da za ka kunna adadin hoto a sakan, wato FPS, da kuma tazarar da ke tsakanin hoto da hoto. Kunna duka biyun. Sannan ka tsaya wuri ɗaya: filin Sakkwato, DNSO, kan titi, tsakar rana, cikin jirgi kana kallon gaba. Duk abin da za mu canza daga yanzu, a wannan wurin za mu riƙa aunawa. In ka auna yau a Sakkwato gobe a Landan, ba ka auna komai ba.

Ɗan Ambursa: Malam na kunna. Yana yawo tsakanin 9 da 11. Ɗaya lambar kuma tana wajen 110, wani lokaci ta haura 300.

Malamin Fiziks Gusau: Madalla. Lissafin a fili yake: hoto 10 a sakan na nufin kowane hoto na ɗaukar milisakan 100 kafin a zana shi. Shi ya sa hannunka ke riga idonka. Abin da muke nema 30 ne, wato milisakan 33. Ga mai koyon sauka da ƙaramin jirgi, 30 da ba ya rawa ya wadatar.

Sarkin Gem: 30? Malam ni in gem ya sauko ƙasa da 60 kaina ke ciwo.

Malamin Fiziks Gusau: Kai harbi kake yi, shi tuƙi yake koya. Cessna 172 tana tunkarar titi da gudun da bai wuce 65 a agogonta ba, ba wanda zai ɓullo mata daga bayan katanga.

Bazamfariya: Salam. Na karanta daga sama. Ƙanena, wannan sitikar ta Nvidia da ka ambata ce ta tsaya mini a rai. Danna Help, ka shiga About. Akwai layin da ke nuna sunan katin hoton da manhajar ke amfani da shi. Rubuto mana shi yadda yake.

Ɗan Ambursa: Anti, an rubuta Intel HD Graphics 620.

Bazamfariya: Shi ke nan, an kama ɓarawo. Laftof irin taka kati biyu gare ta. Akwai ƙarami na Intel da ke cikin furosesa, shi ne mai tattalin batir, da shi ake rubutu da kallon bidiyo. Akwai na Nvidia da ke kwance sai an tashe shi. Windows ce ke zaɓar wanda zai yi aiki, kuma sau da yawa ba ta gane cewa FlightGear aiki ne mai nauyi ba, sai ta miƙa wa ƙaramin. Kwana bakwai kana noma da hauya, ga garma a jingine.

Je Settings na Windows, System, Display, sai Graphics. Nemo fayil ɗin fgfs.exe a inda ka girka manhajar, ka ƙara shi, ka zaɓa masa High performance. Ka rufe FlightGear gaba ɗaya ka sake buɗewa, ka koma About ka tabbatar sunan ya canza.

Mai Gyara Jega: Kuma ka tambaye shi ko caja na jone. Yaran ga kan batir su kai wasa.

Ɗan Ambursa: Gaskiya kan batir nake, Baba. Tun safe ba wuta.

Bazamfariya: Baba ya yi daidai. A kan batir laftof da kanta take rage ƙarfin furosesa da katin. Ka jira wuta.

Sarkin Gem: Ni dai har yanzu ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ga wata manhajar tuƙin jirgi, Microsoft Flight Simulator, hoto kamar ka leƙa ta tagar jirgi. Akwai inda ake samunsa ba ko sisi, in kana so ka same ni ta gefe.

Admin: Sarkin Gem, ba a tallan manhajar sata a nan. Doka ta uku.

Bazamfariya: Ko da halal ɗinsa ya saya, laftof ɗin ba za ta ɗauka ba, kuma na 2020 ɗin daga intanet yake janyo hotunan ƙasa yana tafiya. Mai kukan data ina shi ina wannan? FlightGear kyauta ne tun asali, tun 1997 'yan sa-kai ke gina shi a ƙarƙashin lasisin GPL. Ka sauke, ka kwafa wa abokinka a filas, ka buɗe cikinsa ka gyara, ba wanda zai ce don me. Kuma kusan kowane abu da ke cin ƙarfin na'ura an bar maka makunninsa a hannu, wanda shi ne amfaninmu yau.

Ɗan Ambursa: An kawo wuta! Na jona caja, na yi yadda Anti ta ce. Yanzu About na nuna GeForce 940MX. A wurin da Malam ya ce in tsaya, 24 zuwa 26. Wallahi kamar an canza mini laftof.

Sarkin Gem: To ba laifi. Na janye rabin maganata.

Malamin Fiziks Gusau: Daga 10 zuwa 25 ba a kashe ko kwabo ba. Saura kaɗan. Yanzu ina so mu san wa ke jan ƙafa, furosesa ko kati. Gwaji mai sauƙi: fita daga cikakken allo, ka ja tagar ta koma kamar rabin girmanta, ka karanta lambar. Dalili shi ne, allo mai 1920 da 1080 ɗigo 2,073,600 ne kati zai yi wa fenti a kowane hoto, mai 1366 da 768 kuwa ɗigo 1,049,088, kusan rabi. In ka rage taga lambar ta tashi, kati ne ya gaji. In ba ta motsa ba, furosesa ce, kuma rage kyan hoto ba zai amfane ka sosai ba.

Ɗan Ambursa: Na rage, ta tashi zuwa 37.

Malamin Fiziks Gusau: Kati ne. To shiga View, Rendering Options. Kashe Atmospheric Light Scattering, ka ja ingancin shada (shader, masu ƙawata haske da launin hoto) zuwa ƙasa.

Bazamfariya: Malam, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Kada ya fara da wannan. ALS ɗin shi ke ba da hasken sama da hazo da launin faɗuwar rana yadda ido ya saba, in ka kashe shi duniyar sai ta koma kamar zanen littafin firamare. Kuma ba lallai shi ne mai cin kaso mafi tsoka ba. A tawa na'urar gajimare ne. Gajimaren nan masu kauri ba dunƙule ɗaya ba ne, ɗaruruwan hotuna ne shara-shara da ake jerawa wani bayan wani. Tunda ana hango na baya ta cikin na gaba, dole kati ya yi wa ɗigo ɗaya fenti sau da yawa. Ya fara rage yawan gajimare da nisan da ake hango su, sannan santsin gefen hoto, wato anti-aliyasin. In bai isa ba, sai a taɓa shada mataki-mataki.

Malamin Fiziks Gusau: Na ji hujjarki, amma ya ce tsakar rana yake a Sakkwato. Wane gajimare ne a Sakkwato a Afrilu?

Bazamfariya: Sai in ya kunna yanayi na gaske daga intanet. In bai kunna ba, manhajar na sa masa nata gajimaren ko da a hamada yake.

Ɗan Ambursa: Akwai gajimare sosai, Malam, kamar watan Agusta.

Malamin Fiziks Gusau: To na sallama. Amma sharaɗina na nan: abu ɗaya za ka canza, ka rubuta lamba, sannan na gaba. In ka kashe biyar a tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba, sai ka zauna da mummunan hoto a banza.

Ɗan Ambursa: Ga abin da na samu a cikakken allo. Farko 25. Na rage gajimare rabi, 29. Na kashe santsin gefe na sake buɗewa, 33. Na kashe gine-ginen da manhaja ke watsawa da kanta, 34. Bishiyoyi na rage su, bai canza komai ba sai na mayar. ALS na bar shi a kunne.

Bazamfariya: Ka ga bishiyoyin da ka mayar? Amfanin sharaɗin Malam ke nan. A wajen Turai inda daji ya yi duhu za su ci maka da yawa, a nan ƙasarmu ba su da yawan da za su dame ka.

Malamin Fiziks Gusau: Akwai wata dabarar da mu 'yan Arewa ya kamata mu riga kowa sani. Nisan gani. In ka bar sararin sama tas, ana hango kilomita talatin ko fiye, dole manhaja ta loda duk wannan ƙasar ta zana ta. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu wa ke ganin kilomita talatin? Hazon hunturu kan sauko da gani har a soke tashin jirage a Kano da Sakkwato. To ka sa wa kanka hazo. A zaɓin yanayi mai sauƙi na manhajar, ƙaramin z na ƙara nisan gani, babban Z na rage shi. Ka sauko da shi wajen kilomita 10. Na'ura ta huta, kai kuma kana koyo a irin sararin da za ka tarar in Allah ya kai ka Zariya. Sai dai kada ka yi ƙasa da kilomita 5, don shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta saba nema ga mai tuƙi da ido a ƙasa-ƙasa.

Sarkin Gem: Wato mu da hazo ke sa mu tari duk shekara, yau ya zama abin arziki.

Mai Gyara Jega: Ku gama lissahinku. Ɗana, tashi ka yi tahiya ta minti ashirin, ka dawo ka hwaɗa min.

Ɗan Ambursa: Baba, kamar kana ɗakin. Na tashi daga Sakkwato na bi gulbi zuwa Argungu. Minti goma na farko 35, lafiya lau. Daga nan ta fara sauka, 28, 22, har 17. Fanka na ihu kamar injin markaɗe, gefen hagu ba ya taɓuwa.

Mai Gyara Jega: Mi na ce tun farko? Wagga na'ura tana da hankalin kare kanta. In furosesa ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Ɗakinka yanzu ya hi digiri 40, iskan da hwanka ka jawowa shi kanshi mai zahi ne, ga ƙura ta toshe raga, ga man da ke tsakanin furosesa da ƙarhen sanyaya ya bushe ya koma awa alli. Kuma na rantse bisa katihwa kake aza ta.

Ɗan Ambursa: A kan darduma, Baba.

Mai Gyara Jega: Duk ɗaya. Ramukkan shan iska na ƙasa. Samo murahun kwalba huɗu ka aza ta bisa tebur, ƙasanta ya samu sarari. Amma gyaran gaskiya sai an buɗe, a share hwanka da buroshi, a goge tsohon mai a sa sabo. Kada ka hura mata iskan injin faci, na ga wanda ya yi haka hwanka ta juya hiye da ƙima ta karye.

Bazamfariya: Kafin ya samu zuwa, akwai abin da zai rage zafin. A Rendering Options akwai wurin ƙayyade FPS. Ka ɗaure shi a 30. Yanzu katin na gudu iya ƙarfinsa don ya ba ka 35, ya yi zafi, ya faɗo 17. In ka ce masa 30 kawai kake so, yana ɗan samun numfashi tsakanin hoto da hoto. Lissafin tashin jirgin ba ya raguwa don wannan, shi sau 120 a sakan ake yinsa ko hoto nawa aka zana.

Sarkin Gem: Wannan kam gaskiya ne, ko a gem muna yi lokacin zafi.

Ɗan Ambursa: Na ɗaure a 30, na ɗora ta a kan murafen lemo, na juyo mata fankar ɗaki. Minti talatin, ba ta sauka ƙasa da 27 ba. Amma akwai wani abu: lokaci-lokaci hoton kan tsaya cak kamar rabin sakan, sannan ya ci gaba. Ya fi yawa in na shiga sabon wuri.

Bazamfariya: Wannan ba kati ba ne. Ƙasar FlightGear gunduwa-gunduwa take, kana tafiya ana loda na gabanka. In TerraSync na kunne, daga intanet yake sauko da su kana cikin tafiya, ga cin data ga jira. Dabarata ita ce in samu dare mai garaɓasar data, in ɗauki UFO, wani abin hawa ne da ke zuwa da manhajar, ba shi da nauyi kuma yana gudu yadda kake so. In zagaya Sakkwato, Argungu, Birnin Kebbi, Jega, Gusau har Kano, komai ya sauka a na'ura. Daga nan in kashe TerraSync. Wane irin faifai ne a laftof ɗin, mai juyawa ko SSD, wanda ba ya juyawa kuma ya fi sauri?

Ɗan Ambursa: Mai juyawa ne, ina jin ƙararsa.

Mai Gyara Jega: To in za ka kashe kuɗɗi, nan za ka kashe su. SSD ba ya ƙara maka hoto a sakan, kar wani ya ruɗe ka, amma wanga tsayawa da jiran buɗewa zai ragu ƙwarai.

Malamin Fiziks Gusau: Ram fa? Takwas ba ta yi kaɗan ba?

Bazamfariya: Ga Cessna a sararin Kebbi da nisan gani kilomita 10, ta isa, in dai ya rufe burauza. Ya duba Task Manager yana cikin tafiya, in ta cika sai a yi maganar ƙari.

Ɗan Ambursa: Wata tambaya. Na sauke A320, babban jirgin fasinja, don in gani. A wuri ɗaya, saiti ɗaya, ya ba ni 16. Na rage taga kamar yadda Malam ya koya mini, bai motsa ba.

Malamin Fiziks Gusau: To kai da kanka ka ba da amsa. Me gwajin ya ce?

Ɗan Ambursa: Furosesa ce ke nan.

Bazamfariya: Ita ce. Manyan jiragen nan cike suke da ƙananan shirye-shirye da aka rubuta da Nasal, harshen da FlightGear ke amfani da shi a ciki. Wutar jirgi, man fetur, kwamfutar hanya, allunan gaban direba da ake sake zanawa kullum, duk furosesa ke yi, kuma mafi yawansa layi ɗaya yake bi, ba ya rabuwa a kan ƙwayoyin furosesa yadda mutum zai so. Taka ƙwaya biyu gare ta, kuma irin mai tattalin batir ce. Abin da za ka iya shi ne kashe jiragen da manhaja ke tuƙawa da kanta a filin jirgi, da rage nisan da ake zana ƙananan abubuwa a Adjust LOD Ranges. Zai ɗan ɗaga, amma kada ka sa rai da 30.

Sarkin Gem: Ga inda rabin maganata da ban janye ba ta dawo.

Malamin Fiziks Gusau: Ta dawo, amma ba ta shafe shi ba tukuna. Ba makarantar da ke fara ɗora ɗalibi a kan A320. Ka zauna da Cessna har sai ka iya zagaya fili ka sauka sau goma a jere ba ka yi tsalle a titi ba. Da me kake tuƙi ma?

Ɗan Ambursa: Da maus, Malam. In na danna Tab sai ya koma sitiyari.

Sarkin Gem: Subhanallahi. Ina da tsohon hannun gem na USB da ba na amfani da shi, maɓalli ɗaya ne ya mutu. In kana shigowa Birnin Kebbi ka yi mini magana ka karɓa.

Ɗan Ambursa: Allah ya saka da alheri, Yaya. Yanzun nan na sauka a Sakkwato, tayoyi uku duk a kan kwalta. Ya yi tsalle sau biyu, amma ban shiga gonar kowa ba. Baba, Asabar zan shigo Jega da laftof ɗin in sha Allah. Nawa zan riƙo?

Mai Gyara Jega: Shara da mai ba su da yawa, mu yi magana ta gehe. SSD kuwa sai na tambayi kasuwa, kuɗɗinshi ba su zama wuri guda. Ka kwashe hotunanka da takardunka a filas kahin ka taho. Ka zo da sahe kahin rana ta yi, kuma ka zo da cajarka, tawa ba ta shiga irin taku.